A Bar Kare Ya Bi Hanya, Amma Da Igiya A Wuyansa

A kudu maso yammacin Ingila akwai wata hanyar ƙafa da ta taso daga garin Minehead, ta bi gaɓar teku ta kewaye Devon da Cornwall, ta je ta tsaya a bakin mashigin ruwan Poole. Tsawonta mil 630. Asalinta sawun masu gadin gaɓa ne da ke sintiri suna fakon 'yan fasa-ƙwauri, shi ya sa ba ta barin lungu ko saƙo na bakin ruwa sai ta leƙa shi. Yanzu masu yawon shan iska da motsa jiki ne ke takata, kuma da wuya mutum ya yi tafiyar rabin sa'a a kanta bai yi kiciɓis da mai kare ba. Haka abin yake a hanyar da ta bi kogin Thames tun daga mafarinsa har cikin birnin Landan, haka yake a dazuzzuka irin su New Forest da Epping. Karnukan da ake kiwo a gidajen Birtaniya sun haura miliyan 10, kuma sun ƙaru sosai a lokacin kullen korona, sa'ad da kaɗaici ya sa mutane da yawa suka nemi abokin zama. Kasuwa ta bi bayansu. Gidajen shan shayi na ƙauye suna ajiye kwanon ruwa a ƙofa, masaukai suna tallar cewa ana kwana da kare, ƙungiyar National Trust mai kula da ɗimbin filaye da gaɓar teku har alamar sawun kare take sa wa wurarenta, daga ɗaya zuwa uku, gwargwadon tanadin da ta yi masa.

Ra'ayina a kan wannan ba mai wuyar faɗa ba ne. Kare yana da gurbi a waɗannan hanyoyi, ban yarda a kore shi ba. Amma ya kamata igiya ta zama ƙa'ida a kansu, sakin kare kuma ya zama abin da ake yi a wuraren da aka keɓe don haka. A halin yanzu akasin haka ne ke gudana, kuma waɗanda ke ɗanɗana kuɗarsa ba su da bakin magana a zauren ƙaramar hukuma: tsuntsayen da ke sheƙa a ƙasa, tumakin manoma, da baƙon da ke tsoron kare.

Sai an san yadda aka samu hanyoyin nan kafin a gane nauyinsu. Ba kyauta masu filaye suka bayar ba. A ranar 24 ga Afrilun 1932 wasu ɗaruruwan mutane, galibinsu matasan ma'aikata daga Manchester da kewaye, suka hau tsaunin Kinder Scout da gangan, alhali an killace shi don masu kuɗi su riƙa harbin tsuntsaye. Aka yi artabu da masu gadi, aka ɗaure mutum 5, ciki har da jagoransu Benny Rothman. Hayaniyar da ta biyo baya na cikin abubuwan da suka kai ga dokar 1949 da ta kafa gandun daji na ƙasa da dogayen hanyoyin ƙafa, sannan dokar shekarar 2000 da ta buɗe tsaunuka da filayen da ba a nomawa ga kowa, sannan dokar 2009 da ta ba da umarnin a shimfiɗa hanya ta kewaye gaɓar tekun Ingila gaba ɗaya, kimanin mil 2,700. Ban da waɗannan, akwai tsofaffin hanyoyin ƙafa na jama'a kusan mil 140,000 a Ingila da Wales, da yawansu ta tsakiyar gonakin mutane suka ratsa. Wanda ya tashi a ƙasar Hausa zai fi saurin gane su idan ya tuna da burtali: hanya ce da mai gona ba shi da ikon toshewa, amma mai bi da dabba shi ma ba shi da ikon barinta ta kauce ta shiga shuka. Haƙƙin wucewa da nauyin kiyayewa tafe suke tare.

To, me doka ta ce game da kare? A filayen da dokar 2000 ta buɗe, wajibi ne a riƙe shi da igiyar da ba ta wuce mita 2 ba daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli, lokacin da tsuntsaye ke kwanci, da kuma kowane lokaci idan ana kusa da dabbobin kiwo. Wannan ƙa'ida ce mai kyau. Matsalar ita ce ba ta shafi ko'ina ba. A kan tsofaffin hanyoyin jama'a, da filin da ke gefen sabuwar hanyar gaɓar teku, abin da ake buƙata a yawancin wurare shi ne kare ya kasance ƙarƙashin kulawar mai shi. Kowane mai kare kuwa gani yake nasa yana jin kira. Yana ji ɗin, har zuwa lokacin da zomo ya tsallake gabansa.

A kan tsuntsaye zan fi daɗewa, domin ɓarnar da ake yi musu ba a ganinta. Idan kare ya yaga tunkiya akwai jini, akwai hoto, akwai manomi mai fushi. Idan ya tashi tsuntsuwa daga kan ƙwanta kuwa, mai shi dariya zai yi ya ce wasa yake yi, ai bai kama komai ba. Gaskiya ne bai kama ba. Amma ƙwan da aka bari a fili na ɗan lokaci yana yin sanyi, hankaka kuma yana kan bishiya yana kallon daga inda uwar ta tashi. Idan aka maimaita wannan sau da yawa a yini, kullum, tsawon watanni, sai ta haƙura da sheƙar. Yautai, wanda muka sani a gida, ɗan'uwansa na Turai ba ya ma gina sheƙa, a kan ƙasa yake zuba ƙwansa biyu a tsakanin ciyayi. Wannan tsuntsu yakan ƙetare Sahara ya yi hunturu a yankin Kwango, a hanyarsa ta komawa ya ratsa Afirka ta Yamma, ya sake ƙetare hamada da teku, ya iso wani fili a kudancin Ingila a watan Mayu. Bayan duk wannan wahala, abin da zai hana shi ƙyanƙyasa shi ne karen da aka saki don ya miƙe ƙafa. Akwai kuma wani ƙaramin tsuntsun teku mai farin ƙirji da ke zuwa daga gaɓar Afirka ta Yamma ya yi ƙwai a kan tsakuwar bakin ruwa a wurare irin su Chesil a Dorset, inda sai an kewaye wurin da shinge, masu aikin sa-kai suna gadi, kafin 'ya'yansa su tashi. Wanda ya taɓa zuwa dausayin Hadejia da Nguru lokacin sanyi ya ga garken tsuntsayen da ke saukowa daga Turai, ya san cewa ba na ƙasa ɗaya ba ne. Ana yawan yi mana wa'azi a kan kiyaye masaukinsu a wajenmu, kuma wa'azin daidai ne. Sai dai kiyayewar ba ta da amfani idan a ɗaya ƙarshen tafiyar ba a bar su sun hayayyafa ba.

Masu bincike sun auna abin. A 2007 wasu masana biyu a Ostireliya, Peter Banks da Jessica Bryant, suka gwada tafiya da kare a dazuzzukan da ke kusa da Sydney, suka ƙirga tsuntsaye bayan wucewarsa. Yawan tsuntsayen ya ragu da kashi 41 cikin 100, ire-irensu kuma da kashi 35. Wani abu da ya wajaba in faɗa, ko da yake yana rage wa hujjata ƙarfi: karnukan da aka yi gwajin da su a ɗaure suke. Wato igiya ba ta sa tsuntsu ya daina ganin kare a matsayin mafarauci. Abin da take yi shi ne taƙaita firgicin a bakin hanya, maimakon ya bazu cikin fili duka inda kare ke kutsawa yana sunsuna kowane gindin ciyawa. Wannan ke nuna cewa akwai ƙananan wurare, a wasu watanni, da ko da igiya bai kamata kare ya shiga ba. A New Zealand, inda tsuntsun kiwi ba ya tashi, an hana karnuka shiga gandun daji na ƙasa, kuma suna da dalili: a 1987 an ƙiyasta cewa karya guda ɗaya da ta ɓalle ta kashe kusan kiwi 500 cikin kimanin 900 da ke dajin Waitangi a 'yan makonni. Ingila ba ta kai nan ba, ba kuma ina kiran a yi haka a ko'ina ba ne. Amma mai kare da ya ga allon da aka rubuta a rufe wani yanki na bakin teku daga Afrilu zuwa Agusta, bai kamata ya ɗauka ƙiyayya ake yi masa ba.

Lokacin sanyi ma ba a tsira ba. A mashigin Solent, tsakanin kudancin Ingila da tsibirin Wight, dubban dinya na zuwa daga arewacin Siberiya su yi hunturu. Abincinsu yana cikin laka, kuma ba sa samunsa sai ruwan teku ya janye na 'yan sa'o'i. Duk tashin da kare ya sa suka yi, ƙarfin da za su koma gida da shi ne ya ƙone. Ƙananan hukumomin yankin sun kai ga ɗaukar ma'aikata na musamman masu zagayawa suna yi wa masu karnuka bayani, da kuɗin da ake karɓa daga masu gina sababbin gidaje.

Batun tumaki kowa ya san shi, ba sai na ja shi ba. Kare ba sai ya ciji tunkiya ba, korar kaɗai ta isa mai ciki ta yi ɓari, ko garke ya faɗa rami ko kan titi. Dokar 1953 ta mai da wannan laifi a Ingila da Wales, dokar 1971 kuma ta ba manomi kariya idan ya harbe karen da ke far wa dabbobinsa alhali babu wata hanyar tsayar da shi. Sikotland ta tsananta nata hukuncin a 2021, tara har fam 40,000 ko ɗaurin wata 12. Ina ganin mai ƙaunar karensa shi ya fi kowa buƙatar igiya a nan, don ita ce ke tsakanin dabbarsa da bindiga. Wuri ɗaya ne hukuma da kanta ta ce a saki igiyar: idan shanu, musamman masu 'yan maruƙa, suka taso wa mutum. Kare suke nufi, kuma ya fi mai shi gudu. An sha tattake mutane har lahira a filayen Birtaniya saboda sun ƙanƙame igiya a irin wannan hali.

Sai kashi. Wasu suna cewa ai daji ne, dabbobin dawa ma suna yi. Bambancin shi ne dabbar dawa daga wurin take ci ta mayar wa wurin, kare kuwa abincin gwangwani mai maiƙo aka ciyar da shi a gida, ya zo ya sauke a ƙasar da furanninta ba sa son taki. Masana a jami'ar Ghent ta Beljiyam sun lissafa a 2022 cewa karnuka na zuba kimanin kilo 11 na sinadarin naitirojin da kilo 5 na fosfaras a kowace hekta duk shekara a wuraren kiyaye halittu da ke kewayen birnin. Irin wannan taki ciyawa mai ƙarfi yake ciyarwa ta danne tsirrai masu laushi. Sun kuma nuna cewa kwashe kashin kaɗai yana kawar da kusan duk fosfaras ɗin. A gonaki kuma kashin kare na ɗauke da wata ƙwayar cuta mai suna Neospora da ke sa shanu ɓari. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ledar da aka ƙulle kashi a ciki aka rataye a reshe ko a kan shinge, da niyyar za a ɗauka a dawowa. Wanda ya iya sunkuyawa ya kwashe, ya iya riƙewa har kwandon shara.

Kogi ma yana da nasa rabon. Maganin ƙuma da kaska da ake ɗigawa a bayan wuyan kare guba ne mai ƙarfi ga ƙwari. Binciken da aka yi a jami'ar Sussex a kan koguna 20 na Ingila ya samu irin waɗannan magunguna biyu: fipronil a kashi 98 cikin 100 na ruwan da aka gwada, imidacloprid kuma a kashi 66, alhali na biyun an hana fesa shi a gonakin fili tun 2018 saboda illarsa ga ƙudan zuma. Kaso mai yawa na maganin ta magudanar gidaje yake bi, daga wankan kare da wankin shimfiɗarsa, amma karen da aka sa wa magani jiya aka bar shi ya faɗa tafki yau, kai tsaye ya kai. Ƙwarin ruwa su ne abincin kifi da tsuntsaye. Wannan ba abu ba ne da mai kare zai sani idan likitan dabbobi bai gaya masa ba, kuma ya kamata a riƙa gaya masa a lokacin da ake miƙa masa maganin.

Akwai ɓangaren da ba a cika tattaunawa a jaridun Ingila ba, wanda ya shafe mu kai tsaye. Birtaniya ta rabu da ciwon haukan kare a dabbobinta tun 1922. Wanda aka haifa a can bai taɓa ganin yaron da mahaukacin kare ya ciza yana tsoron ruwa ba. Mu mun gani, ko mun ji daga wanda ya gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta cizon kare. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Na taɓa fita bakin kogi da wata dattijuwa da ta zo ganin jikokinta, wani ƙaton kare ya sheƙo a guje ya ɗora mata ƙafafu a kan zani, mai shi tana can nesa tana ɗaga murya cewa kada a damu, ba ya cizo, son mutane ne da shi. Na ce, “Hajiya, ki tsaya cak, kada ki gudu.” Ta tsaya, jikinta na rawa, bayan an janye shi ta ce, “Ɗan nan, mai da ni gida.” Har ta koma Najeriya ba ta sake yarda ta taka wannan hanya ba. Matar nan mai kare ba muguwa ba ce, kuma na tabbata gaskiya ta faɗa game da karenta. Amma ba ita ke da hurumin yanke wa baƙo hukuncin ko zai yarda dabba ta taɓa shi ba. A 2019 rahoton da Julian Glover ya jagoranta wa gwamnati a kan gandun daji ya nuna damuwa cewa baƙaƙen fata da 'yan asalin Asiya ba sa zuwa waɗannan wurare yadda ya kamata. Ƙungiyoyi irin su Muslim Hikers, wadda Haroon Mota ya kafa a 2020, suna ƙoƙarin sauya wannan. Dalilan rashin zuwan suna da yawa, akwai kuɗin mota, akwai kallon da ake yi wa mutum a ƙauyen da babu irinsa. Sakakken kare yana cikinsu, kuma shi ne mafi sauƙin gyarawa.

Amma ina da magana da mutanenmu ma. Wasunmu idan aka taɓo batun sai su ce ai a hana karnuka kawai, ƙazanta ce. Ban bi wannan ba. Mazhabar Malikiyya da mafi yawanmu ke bi ba ta ɗauki kare mai rai a matsayin najasa ba, ko da yake Shafi'iyya da Hambaliyya sun tsananta, kuma a cikin Musulmin Birtaniya akwai mabiya kowacce. Maharbanmu da makiyayanmu da kare suke fita tun kaka da kakanni. Mun kuma taso muna jin labarin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ban da wannan, duk wanda ya zauna a Ingila ya ga abin da kare ke yi wa tsohon da matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna wani gari. Shi ke fitar da shi daga ɗaki sau biyu a rana, ko ana ruwa ko ana sanyi, shi ke sa wani ya tsaya ya gaishe shi a hanya. Ga makafi kuma da kare ke yi wa jagora. Sannan masu karnuka su ne ke taka hanyoyin nan a watan Janairu lokacin da kowa ya shige gida, su ke kai ƙara idan wani mai fili ya sa kwaɗo a ƙofa ko ya bar ƙaya ta rufe hanya. Idan aka kore su, hanyoyin sun rasa mafi yawan masu tsaya musu.

Kuma kare yana buƙatar gudu, wannan gaskiya ne. Dabbar da aka halitta don farauta ba za ta rayu da tafiyar mita 2 daga ƙafar mai ita kullum ba. Amsar wannan tana nan a ƙasa, an riga an gwada ta. A yankin Thames Basin Heaths, yamma da Landan, inda yautai da wasu tsuntsaye biyu masu ƙaranci ke hayayyafa, an ba wurin kariya ta musamman a 2005. Ba a yarda a gina sabon gida a cikin mita 400 daga gefensa ba, wanda kuma zai gina a ɗan nesa sai ya biya kuɗin samar da wani fili dabam, mai wurin ajiye mota da hanyar zagaye, inda za a saki kare ya yi ta gudu ba tare da ya taka ƙwai ba. Manoma da dama kuma yanzu suna killace wani yanki na gonarsu suna ba da haya na sa'a guda ga masu karnuka. Ƙananan hukumomi suna da iko a ƙarƙashin dokar 2014 su kafa sharaɗin igiya ko su hana kare shiga wani wuri, kuma da wannan iko ne da yawansu ke hana karnuka shiga bakin tekun da ake wanka daga Mayu zuwa ƙarshen Satumba, da tarar fam 100 nan take. Abin lura shi ne an fi amfani da ikon don kare masu wanka da kasuwar baƙi, ba a cika tunawa da gaɓar da babu kowa sai tsuntsaye ba. Sau da yawa ma korar karnuka daga bakin tekun gari tana tura su ne can wuraren da suka fi rauni.

Abin da nake so majalisar dokoki ta yi shi ne ta ɗauki ƙa'idar 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli da igiyar mita 2, ta shimfiɗa ta a kan hanyar gaɓar teku da duk hanyar jama'a da ta ratsa wurin kiyaye halittu, domin mai tafiya ya daina tambayar kansa wace doka ce ke aiki a wannan gefen shinge. A mashigan ruwa irin na Solent a ƙara watannin hunturu. Duk allon da za a kafa ya faɗi dalili, ya nuna hoton tsuntsun, ya faɗi ranar da za a ɗage sharaɗin, kuma idan ranar ta zo a cire shi, don allon da ya shekara yana cewa tumaki na haihuwa babu mai sake gaskata shi. Kuma duk ƙaramar hukumar da ta sa sharaɗin igiya a wani wuri, a wajabta mata ta nuna wa mazauna yankin filin da za su saki karnukansu wanda za a iya zuwa da ƙafa ko a motar haya.